Mun san kantin Kwara amma ba mu karanta labarinsa ba

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana damuna. Shekara sama da ɗari muna zaune da 'yan Labanan a Kano, muna ce musu Kwara, har titin Beirut gare mu inda ake cinikin waya, amma in ka tambayi mutum me ya sani game da ƙasarsu sai ya ce maka yaƙi ne da shawarma. Alhali duk ɗalibin ilimi in ya buɗe littafin hadisi ko tafsirin da ya saya a Kurmi ya duba bangon, sau da yawa bugun Bairut zai gani, Darul Fikr ko Darul Kutubil Ilmiyya. Ƙamusun Munjid ɗin nan da malamanmu suka girma da shi, Luwis Ma'aluf ne ya haɗa shi a 1908, limamin Kirista ne ɗan Labanan. Muna shan ruwan rijiyarsu kenan ba mu taɓa tambayar wa ya haƙa ta ba.

Ni abin da ya buɗe min ido littafin Hanan al-Shaikh ne, Hikayatu Zahra na 1980. Yarinyar ta bar Bairut ta taho Afirka wajen kawunta, ta yi aure a nan, auren bai yi daɗi ba, ta koma gida ta tarar da yaƙin basasar da aka soma a 1975 ba a gama ba sai 1990. Wallahi da na gama shi na kwana biyu ina kallon matan 'yan Labanan da nake gani a kantuna da wani ido daban, don ban taɓa kawo wa raina cewa su ma baƙunta tana cin su ba, su ma suna da uwa da suka baro a wani ƙauye na kudu da ake ta jefa wa bama-bamai.

Kuma hijirar nan tsohuwa ce fa. Jibran Khalil Jibran an haife shi a Bsharri a 1883, yana ɗan shekara 12 uwarsa ta kwashe su zuwa Boston saboda talauci, ya rasu a Amurka a 1931, gawarsa aka mayar dutsen garinsu. Tsakanin 1915 da 1918 yunwa ta kashe mutane dubbai a tsaunin Labanan, ga farin ɗango ga tarewar hanyoyin abinci lokacin yaƙin duniya na farko. Emily Nasrallah ta rubuta Tuyuru Ailul a 1962 kan ƙauyen da samari ke watsewa su bar tsofaffi da 'yan mata suna jiran wasiƙa. Wanda ya san ci-rani ba sai an fassara masa wannan ba.

Masu son littafin tafiye-tafiye kuma, ku daina tsayawa kan na Turawa masu yabon itacen al'ul da dusar ƙanƙara kawai. Ibn Jubair ya ratsa garin Sur na kudancin Labanan a 1184 lokacin yana hannun Faranjawa, wato Turawa Kiristoci da suka mamaye yankin, ya rubuta yadda ya ga manoma Musulmi ke zaune ƙarƙashinsu. Ibn Battuta ya bi ta Bairut da Tarabulus da Ba'alabak. Waɗannan da Larabci suke, ɗan Islamiyya mai ƙoƙari zai iya karanta su.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Amin Ma'aluf, ya bar Bairut a 1976 ya koma Faransa, littafinsa na ƙirƙira na farko a 1986 a kan Hasan al-Wazzan ya yi shi, mutumin da ya ambaci Kano da Katsina da Gobir a bayanin Afirka da ya rubuta kusan shekara 500 da suka wuce. Ɗan Labanan ya zauna ya rubuta rayuwar wanda ya rubuta mu, mu kuma ni dai har yau ban ci karo da ko ɗaya daga cikin littattafan nan da Hausa ba. Marubutanmu masu Larabci da Faransanci, musamman 'yan uwa na Maradi da Damagaram, don Allah wani ya ɗauki na Emily Nasrallah ya fara da shi, ni zan sayi kwafi biyar ranar da ya fito.