Ni da Zabura ta 119

A gidanmu ba a kwanciya sai an yi addu'ar dare, ni ne kuma na kafa dokar da bakina. Ran nan na dawo daga aiki a gajiye tilis, ga wasan ƙwallo saura minti 15 a fara. Sai dabara ta faɗo mini: Zabura ta 117. Duk Littafi Mai Tsarki babu surar da ta kai ta gajarta, aya biyu ce tak. Mu karanta, mu ce amin, kowa ya kama gabansa.

Don kada a harbo jirgina, sai na fara da faɗa. Na ce wa yara sun mai da addu'a gudun tsere, daga yau duk surar da aka buɗe sai an kai ƙarshenta, ba gutsurawa. Na gyara murya irin ta fasto, na ce, "Ku buɗe Zabura ta 119."

Bakina ne ya ci amanata.

'Yata ta shiga juya shafi, tana juyawa, tana juyawa. "Baba, aya 176 ce fa." Na buɗe baki zan gyara, uwargida ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Maigida, ai kai ka ce ba gutsurawa." Magana zarar bunu.

Zaburar nan kashi 22 ce, bisa jerin haruffan Ibrananci, kowane kashi aya takwas. Muka raba mu uku, ni da uwargida da 'yata, auta yana sauraro. Na yi ta maza har aya ta 105, inda ake cewa maganar Allah fitila ce ga ƙafafu. To, tawa fitilar a lokacin mai ya ƙare mata. Na ce bari in ɗan rufe ido in yi tunani a kan abin da ake karantawa. An ce har da minshari, ni dai ban ji ba.

Zunguri na ji a haƙarƙari. "Kai ne." Na zabura na kama daga aya ta 145, ina zuwa ta 148 sai ga mai Zabura yana cewa idonsa biyu dukan dare, yana tunanin alkawarin Allah. Yara suka tuntsure da dariya. Auta ya ce a makarantar Lahadi an ba su labarin Aftikos, saurayin da barci ya kwashe shi lokacin da Bulus yake wa'azi, ya faɗo daga bene na uku. "Baba, gara da kake kan kujera."

Muna cewa amin na kunna talabijin, na tarar har an tafi hutun rabin lokaci.

Washegari na natsu, na faɗi 117 a hankali, lamba bayan lamba. Uwargida ta ce wannan ta yi kaɗan ga mutum mai ƙwazo irina, a haɗa da ta 118.