Ba tsoro ke sa jariri kuka a jirgi ba

Wai wani mai labari ya ce tsoro ke sa jariri kuka cikin jirgin sama, haba dai, ɗan wata biyu ina ya san tsoro? Kunnensa ne ke toshewa in iska ta canza lokacin tashi, balle wajen sauka, shi kuma bai iya haɗiyar yawu da gangan kamar mu ba, uwa ta ba shi nono kawai kunnen ya buɗe. Ke kuma Hajiya da kike cewa a bi hanya ya fi, Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne fa, wuni guda cikin bis da zafin nan, ta Maraɗi, ta Doso, da jinjiri bisa cinya, wanne ya fi wahal da yaron?