Kyanwa, Fitilar Tsaro Da Fulawar Da Ta Ƙi Ja

Akwai shukokin da komai takin da ka zuba musu ba za su yi fure ba sai agogonsu ya buga. Foinsetiya na cikinsu, fulawar nan 'yar asalin Meksiko da ganyenta na sama ke rikiɗewa ja wur, a tsakiya kuma a ga 'yan ƙananan furanni rawaya. Ba ta yin jan sai ta samu dare na kusan awa 12, duhu ba yankewa, kullum, har mako takwas zuwa goma. Masu rainonta don sayarwa awa 14 suke ba ta su huta da zullumi. Wannan karatu na haddace shi, na kuma sha karanta wa mutane ko ba su tambaya ba. Shi ya sa da tukwanena da ke jere a gindin katanga suka yi kore shar, dare ya yi tsawo amma ko ɗigon ja babu, abin ya zama zance a gida.

Uwargida ce ta fara. "Maigida, wai wannan ce mai jan, ko ciyawa muke ta yi wa ban-ruwa?"

Na zare shuka ɗaya daga tukunya, saiwa fara tas, ba ruɓa. Taki daidai yake, ban cika mai sa ganye ba. Tana samun rana fiye da awa shida. Abin da ya rage shi ne dare, don haka na ɗauko kujera na zauna gadi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga haske fau a kan tukwanen. Maƙwabcina ya kafa fitilar tsaro irin mai kunna kanta in ta ji motsi, ga kuma wata kyanwa tana taku a kan katanga. Fitila ta yi minti biyar ta mutu. Kyanwa ta dawo, fitila ta kama. Haka suka yi ta yi har na daina ƙirga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kyanwar aikin ƙwararru take yi. Masu noman kirisantimom, wata fulawa da ita ma sai dare ya yi tsawo take fure, in suna son hana ta fure har kara ya yi tsawo, fitila suke kunna mata daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, hasken da bai wuce luks 100 ba a ma'aunin ƙarfin haske, wanda da ƙyar za ka karanta jarida da shi. Masu tattalin wuta ma ba sa barinta a kunne, minti 6 suke ba ta a kowane rabin awa, kuma ya wadatar. Tsarin da mutane ke sayen na'urar saita lokaci don su samu, ni an kafa mini shi kyauta, a kan shukar da ba ta so.

A 1920 ne Garner da Allard, masu bincike a ma'aikatar gona ta Amurka, suka bayyana cewa tsawon yini ke juya fure, bayan wata taba mai suna Maryland Mammoth ta yi ta tsawo duk bazara ba ta fure ba. Su ma ɗaukar tukwane suka riƙa yi suna kai wa ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya daga baya. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa daren ne shuka ke aunawa: ka katse yini da duhu, ba abin da zai faru, ka katse dare da haske, fure ya fasa fitowa. Ma'aunin wani sinadari ne a cikin ganye, fitokurom. Jan haske mai nanomita 660 (ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi) yana juya shi zuwa siffar da ke cewa rana ce, a cikin duhu kuma wannan siffa tana raguwa a hankali yayin da agogon cikin shukar ke lissafi. Ɗan haske a tsakiyar dare na iya ɓata lissafin. Haske mai nanomita 730, wanda ido ke gani da ƙyar, yana iya warware ɓarnar in ya biyo baya nan take. Na ɗan yi tunanin sayen irin wannan fitila in riƙa bin kyanwa a baya ina gyara, sai na tuna ina da aikin safe.

Da gari ya waye na yi sallama da maƙwabci. "Malam, fitilarka tana hana fulawata barci."

Ya dube ni ya dubi katanga. "Ikon Allah. Barci fa ka ce, Malam? To in na kashe ta ɓarayi suka shigo, fulawar ce za ta yi ihu?"

Ban da amsar wannan, sai na koma ga rufi. Ƙanena ya ba da shawarar a sa wa kan kowane reshe safa, tunda can ne jan zai fito. Ba zai yi ba. Ganye ne ke auna dare, shi ke aika saƙo ta jijiyoyin shuka zuwa kan reshe. Chailakhyan ya yi hasashen wannan saƙo tun 1936, sai a 2007 aka tabbatar furotin ne da ake kira FT. Dole a rufe shukar gaba ɗaya, har ganyen ƙasa.

Kwali mai kauri na samo, wanda ya fi shukar tsawo da faɗi da kamar taƙi ɗaya don kada ganye ya taɓa bango. Na liƙe ramukan hannu da kusurwoyi da baƙin salatif. Gwajinsa mai sauƙi ne: da dare ka kunna tocilar waya, ka kifa kwalin a kanta, ka zagaya. Duk inda haske ya fito, nan zai shiga. Ana rufewa ƙarfe 5 na yamma, a buɗe ƙarfe 7 na safe, awa 14 ke nan. Da rana kuwa sai cikakken haske, domin da shi take haɗa abincin da za ta yi jan, kuma wanda ya manta kwali a kai ya wuni zai tarar da ganye ya yi rawaya yana zuba. Baƙar leda ba ta da kyau a nan. Tana tara zafi da gumi, kuma in zafin dare ya haura digiri 23 zuwa 24 furen kan yi jinkiri ko da duhun ya cika, ga fumfuna.

Abin da littattafan ba su faɗa ba shi ne ra'ayin kyanwa game da kwali. Wata safiya na fito na tarar da ita a kwance a kan na tsakiya, rufin ya lotsa, rassa biyu sun karye suna zubar da farin ƙaro. Reshen foinsetiya gautsi gare shi, ƙaron kuma yana sa ƙaiƙayi, in ya shiga ido ka ji a jikinka. Na sa katako a kan kwalayen, ta ɗauka gado aka gyara mata.

Na kwashe tukwanen zuwa ɗakin ajiya, na rufe ƙofa, na cusa tsumma a ƙarƙashinta. Tun daga nan duk inda nake, biyar saura sai a ga na miƙe ina neman takalmi. Abokai suka fara tambaya ko wata sabuwar hidima na ɗauko a ɓoye. A gida kuma na kafa doka, ba mai buɗe ɗakin da dare. Ba a jima ba na ji motsi, na tarar da ɗana a ciki da tocila yana neman caja.

"Baba, minti ɗaya ne fa."

Minti ɗaya ya isa ya hana wasu shukokin fure. Foinsetiya ba lallai ta fasa saboda dare guda ba, amma kowane irin wannan dare yana tura jan gaba, in ya yawaita kuma sai ya fito dabbare-dabbare. Na sa kwaɗo. Tumatirin da ke can gefe, wanda tsawon dare bai dame shi ba, fure kawai yake yi yana kallonmu.

Wajen mako na biyar jijiyoyin ƙananan ganyen sama suka fara ja, daga nan launin ya bazu. Da zarar ganyen ya rine sosai kuma 'yan furannin tsakiya sun bayyana, an gama da duhu, ana iya ajiye ta ko'ina mai haske. Na fito da su na jera. Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya yi ta santi, na ɗauki mafi kyau na ba shi. Ya gode ƙwarai, ya ce zai ajiye ta inda za a riƙa ganinta har da dare, ya kai ta ya dire daidai ƙarƙashin fitilar.

"Malam, baɗi ma haka za ta yi ja da kanta ko?"

Na ce masa ya tambayi kyanwa.