Ƙarfin Gaba Daban, Haihuwa Daban

Abin da ke damuna shi ne yadda ake cewa muddin namiji yana iya biya wa iyalinsa buƙata, to ba shi da matsalar haihuwa, wanda kuma gabansa ba ya miƙewa, shi ke nan ya yi sallama da 'ya'ya. Na san dalilin wannan tunani, tunda ta hanya ɗaya abubuwan biyu suke bi.

Amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Miƙewar gaba lamari ne na jini da jijiyoyi da kwanciyar hankali, shi ya sa ciwon suga, hawan jini, taba sigari da damuwa suke raunana ta. Haihuwa kuwa tana ga ƙwayoyin da maraina ke ƙerawa, waɗanda ido ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ma'auninta na 2021, ta sa ƙwayoyi miliyan 16 cikin mililita ɗaya na maniyyi a matsayin mafi ƙarancin adadin da ake so a samu. Hangum da ya sauka maraina bayan balaga, ko ciwon sanyin da ba a magance ba, na iya rage su ko toshe musu hanya, ƙarfin kuwa yana nan daram.

Ɗauki magidancin da ya shekara 6 ba haihuwa. Matarsa ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji, ya ƙaro aure, shiru. Ranar da aka auna maniyyinsa a asibiti aka ga ƙwayoyin ba su da yawa. Hawayen da uwargidan ta zubar a shekarun nan yana taɓa min zuciya.

Mai raunin gaba kuma sau da yawa ƙwayoyinsa lafiya lau suke, isar da su ne ya gagara, kuma likita na da maganin hakan.