Gritar: ihu ne, tsawa ce, ko kwala kira?

Duk Bahaushen da ya sauka nan Sifaniya, ko a gonakin Almeriya yake aiki ko a Madrid, ba zai yi mako guda ba sai ya ji wata uwa tana ce wa ɗanta “¡no grites!”. Ƙamus zai ce maka gritar, aikatau ɗin Sifaniyanci da grites ya fito daga gare shi, ihu ne, shi ke nan. A ganina wannan gajeriyar fassara ce ke kai mutanenmu ta baro su. Mu muna da ihu, da kururuwa, da tsawa, da kwala kira, da hargowa, kowace da muhallinta. Su aikatau ɗaya suka ɗora wa yawancin wannan kaya, sai ƙananan kalmomin da ke gefensa su fayyace abin da ake nufi. Wanda ya haddace jadawalin sauye-sauyen aikatau ya bar waɗannan ƙananan kalmomi, bai koyi komai ba tukuna.

Jadawalin ba shi da wuya, domin gritar ba ya kauce wa ƙa'idar aikatau masu ƙarewa da -ar. A jerin ni, kai, shi, mu, ku, su: grito, gritas, grita, gritamos, gritáis, gritan. A abin da ya wuce kuwa: grité, gritaste, gritó, gritamos, gritasteis, gritaron. Gritamos iri ɗaya ne a yanzu da a baya, sai jimla ta nuna.

Inda ake tuntuɓe shi ne tsakanin grito da gritó. Na farko ana danna murya a gaɓar farko, yana nufin “ina ihu”, ko kuma ihun kansa a matsayin suna. Na biyu ana dannawa a ƙarshe, “ya yi ihu” ke nan. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, tunda kunnensa ya saba raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Matsalarmu ta fi yawa a farkon kalmar: harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a nan, sai mu ce “girita”. A haɗa g da r ba wasali a tsakani, kuma r ɗin irin ta “tara” ce, wadda ke gaban takwas, bugu ɗaya da kan harshe.

Abin da na fi so mai koyo ya riƙe shi ne le. Gritó kaɗai, ya yi ihu. Le gritó, ya daka masa tsawa. Wannan le daidai take da “masa” ko “mata” namu, kuma a magana ana maimaita ta ko da an ambaci mutumin: le gritó al niño, ya yi wa yaron tsawa. Idan ka ce lo gritó, ma'ana ta sauya, ya zama ya faɗi maganar da ƙarfi. Dalilin ihun kuma da de ake kawo shi: gritar de dolor don zafin ciwo, gritar de alegría don murna. Kwala kira shi ne llamar a gritos. Ƙara mai tsini irin ta yaro ko wanda ya firgita, chillar ce. Faɗan da uwa ke wa ɗa, ko da murya ƙasa-ƙasa, regañar ne, ba gritar ba.

Wurin hani wasalin ƙarshe yana juyawa. Grita, yi ihu. No grites, kada ka yi. “No gritas” labari ne kawai, cewa ba ka ihu, ba ya hana kowa. Ga jama'a a Sifaniya ana cewa no gritéis, a Mekziko ko Ajantina kuwa no griten.

Sai maganar ladabi, wadda ta fi damuna. A gida ɗaga murya gaban babba rashin kunya ne. A nan mutane na hira a gidan shayi a gritos, da ƙarfi kamar ana faɗa, alhali zumunci ake yi. Sabon zuwa yakan ɗauka tsawa ake masa ya ɓata rai a banza. Amma idan mai gida a wurin aiki ya yi maka tsawa ta gaske, kada ka ce masa no me grites, wannan na tsara ne. Ka ce “no me grite, por favor”, da sigar girmamawa ta usted, ko “no me levante la voz”, wato kada ka ɗaga mini murya. Ranar da kuwa ihun neman agaji ya kama, kalmar ita ce ¡socorro!, lambar gaggawa kuma 112.