Icen jita ba shi ne muryarta ba, amma yana da hannu a ciki

Ɗan wana ne ya ja ni cikin wannan magana. Bara da kaka ya sayar da riɗinsa a kasuwar Maigatari, ya nufi Kano da kuɗin zai sayi jitar lantarki, don yana cikin samarin da ke yi wa mutane kiɗa a bukukuwa nan gefen Gumel. Mai shagon ya ajiye masa biyu, ya ce ɗayar ta fi tsada saboda jikinta mahogani ne, wai icen ne ke ba ta zaƙin murya. Yaron ya kira ni ya ce, Baffa, kai ne kafinta, gaskiya ne? Na ce ya dawo da kuɗinsa tukuna.

Mu da muka tashi da gurmi da goge ba za a zarge mu ba idan muka yarda da irin wannan zance. A goge ƙwarya da fatar da aka rufa mata su ne muryar. Tsirkiya ta girgiza, jaki, wato ɗan abin da tsirkiyar ke hawa a kai, ya kai girgizar ga fata, ƙwarya ta ɗaga ta zuwa kunne. Canza ƙwaryar, ka canza gogen. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma ai ƙaramin gwangwani ne da fata, shi ya sa amonsa ke fita siriri, mai kaifi.

Jitar lantarki ba haka take ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai, masu sana'ar suna ce masa fikof. Tsirkiyar ƙarfe ce, idan ta motsa a saman maganaɗisun sai 'yar wuta ta taso a wayar ta wuce amfilifaya. Fikof ba ya jin ice, ƙarfe kawai yake ji. Shi ya sa jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa a Amurka a 1932, ta George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker, ko ƙwayar katako babu a jikinta. Zubin alminiyam ce, irin wanda maƙeranmu ke narkawa su yi tukwane, har ana mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Kuma irin wadda ake kwantarwa a cinya ce, a riƙa zamiya da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin, salon da ya fito daga tsibirin Hawai. A 1935 suka fito da wata ta bakalait, wata roba mai tauri. Har yau masu kiɗan irin wannan jita suna neman waɗannan ruwa a jallo.

To ke nan ice ba shi da amfani? Nan ne na rabu da masu cewa zancen duk ƙarya ne, don na gwada da hannuna.

Na yanke faifan katako biyu tsawonsu ɗaya. Ɗaya na ƙirya, icen da ake sassaƙa turmi da shi, mai nauyi kamar dutse. Ɗayan na rimi, wanda farce ma yana shiga jikinsa. Jitar cinya ba ta buƙatar komai sai faifai, jaki biyu, maɗaura da tsirkiya, shi ya sa ta fi dacewa da gwaji. Fikof ɗaya na yi ta cirewa ina mayarwa, tsirkiyoyin ma iri ɗaya, amfilifayar muka jona da batirin sola. Da na kaɗa ta ƙiryar, sautin ya tsaya yana jan numfashi, da ƙyar na ji girgiza a cinyata. Ta rimin kuwa faifan gaba ɗaya ya riƙa rawa a kan gwiwata, sautin ya yi laushi ya mutu da wuri. Dalilin a fili yake: tsirkiya a jikin icen take ɗaure, duk girgizar da icen ya sha, tsirkiyar ce ta yi asararta. Ice ba ya ƙara wa jitar lantarki komai, sai dai ya rage, kuma kowane ice da irin ragin da yake yi.

Amma fa wannan ƙirya ce da rimi, gabas da yamma. Kuma duk da haka, da yaron ya buɗe sifika a majalisarmu bayan isha'i ya kama kiɗa sosai, waɗanda suka juya baya sun kasa faɗin wacce ce wacce. Sai na matsar da fikof ɗin yatsa biyu kacal zuwa wajen jaki. Nan take kowa ya ɗago kai, sautin ya koma tsantsan kaifi. Yatsa biyu sun yi abin da canza itace guda bai yi ba. Fender da kansa, shahararren kamfanin jita na Amurka, a 1956 ya sauya icen da yake yin yawancin jitocinsa da shi, duniya ba ta daina gane amon Fender ba. Shi kuma mahoganin da ake yi wa yaron kuri da shi, na Afirka ɗan'uwan maɗacin da ke tsaye a bakin hanyoyinmu ne.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin katako shi ne ba wanda ke tambaya ko icen ya bushe. A nan hunturu na tsotse katako har ya tsage, damina ta zo ya kumbura. Wuyan jitar da aka yi da ɗanyen ice zai karkace kafin shekara ta zagayo, tsirkiyoyi su yi nisa da yatsu, saiti ya ƙi zama. Alminiyam ma ba ya tsira, zafi na sa shi miƙewa, ka ajiye a ranar bazara ka dawo ka tarar saitin ya gudu.

Yaron ya koma Kano. Na ce ya ɗora idonsa a kan wuyan ya duba miƙewarsa kamar yadda nake duba katako, ya kaɗa kowace tsirkiya ba tare da wuta ba ya ji wadda ke saurin mutuwa. Mai arahar ya ɗauko, ragowar kuɗin ya sa a amfilifaya mai kyau da tsirkiyoyi na ajiya. Faifan ƙiryar yana nan a shagona, yakan zo da yamma ya ɗora a cinya yana koyon zamiya da guntun bututun ƙarfe da na goge masa.