Tattalin Fetur a Hawan Mambila

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na koyi wata ɗabi'a. Duk inda na ga gangara sai in kashe babur, in murɗe ɗan makullin man nan da ke ƙarƙashin tanki, in sa firi. A Kano dabarar ba ta taɓa ba ni kunya ba, don iyakar gangararmu ita ce saukowa daga gadar sama.

Ƙarshen watan Agusta muka je suna Serti, garin su matata, a jihar Taraba. Kwana biyu ina zaune ina cin tuwon surukai, ina hangen duwatsu, sai na ce wa ƙanin matata ya fito da Boxer ɗinsa mu hau Mambila, mu sha shayi a Nguroje, mu dawo kafin magariba.

"To Yaya, amma bari ni in tuƙa."

Na dube shi sama da ƙasa. Ni da na yi shekara 15 ina kutsawa tsakanin 'yan adaidaita a bakin Kantin Kwari? Ya miƙo makulli bai ƙara magana ba. Na sa farar shaddata ta suna, na kafa hula, saboda hoto. Surukata ta aiko yarinya da rigar sanyi, na mayar da ita da godiya, don a lokacin gumi nake yi.

Har Mayo Selbe lafiya lau. Marka ta wanke komai, ciyawa kore shar, ƙoramu sun cika suna ta ƙugi. Gab da fara hawa muka sami wata 'yar gangara mai daɗi, hannuna ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Da muka kai ƙasa na taka kik, babur ya tashi, muka kama hawan da ake kira Biyu da Sisi. Ko wa ya yanka wa hawan nan farashi, ya yi masa araha. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse tana nannaɗewa kamar rawani, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kwazazzabon da in ka leƙa sai ka ga bishiyoyin ƙasa sun koma kamar shukar alayyafo. Ruwa na tsiyayowa daga jikin dutsen yana ratsa titi.

A kwana ta biyu babur ya yi tari sau uku, ya mutu.

Na taka kik har cinyata ta yi tsami. Sai na sauka, na gyara hula, na shiga yi wa yaron bayani. Na ce masa tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600, kuma Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana nan yankin. In aka yi sama iska takan yi ƙaranci, inji kuwa da iska yake ƙona mai, shi ya sa yake rasa ƙarfi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Matsalar kawai, ko rubu'in hawan ba mu yi ba, kuma 'yan acaɓa na ta wuce mu da buhun masara biyu da fasinja a kai.

"Yaya, ko mu duba mai?"

"Ni na cika tankin da kuɗina."

Na kwance fulogi, na goge shi da gefen shadda, na hura, na mayar. Shiru. Muka kama turi. Wanda bai taɓa tura babur a hawa sanye da takalmi sau-ciki ba, kada ya ce mini ya san wahala. Can sai hazo ya sauko, ba irin na hunturu mai ƙura ba, gajimare ne sosai ya zo ya zauna a kan titi. Yayyafi ya biyo baya. Gumin da ke jikina ya koma ruwan randa, haƙorana suka fara kaɗa kalangu.

Cikin hazon muka ji motsi, sai ga ƙahoni. Shanu ne, da wani yaro ɗan Fulani a bayansu, bai fi shekara 10 ba, sanda a wuya. Ya gaishe mu, ya tsaya yana kallon babur. Ya sunkuya, ya sa yatsa biyu ya murɗa makullin mai.

"Baffa, taka."

Taka ɗaya. Ashe ɗan man da ya rage a kafireta ne ya kawo mu kwana ta biyu. Ƙanin matata ya juya yana kallon kwazazzabo, kafaɗunsa na rawa, wai sanyi ne.

Da muka fito sama, na yafe wa kowa. Tuddai ne lulluɓe da ciyawa iya ganinka, shanu a warwatse, dogayen bishiyoyin turare a jere. Mun wuce Maisamari, mun isa Nguroje ina karkarwa. Nan ƙasar ake noman ganyen shayi, a Kakara, amma ni ba ɗanɗano ya dame ni ba, kofin na rungume. Na nemi mai gwanjo. Rigar sanyi ɗaya ce ta shige ni, ruwan hoda, da gashi-gashi a wuya, maɓallanta a hagu. Na biya ban nemi ragi ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Sai saukowa. Wallahi ban taɓa makullin mai ba. Firi kawai na sa, don ganin gangara mai tsawon nan tana tafiya a banza ya fi ƙarfin zuciyata. Kwana uku, huɗu, ina ta danna birki, sai na ji ƙauri kamar an bar tukunya a wuta, birkin kuma ya yi laushi kamar na taka burodi. Na ji ana salati a bayana da ƙarfi. Na ja babur gefen dutse, muka nutse cikin wata jar laka da ruwa ya tara, muka tsaya cak, sannan muka kwanta a hankali kamar raƙumi.

Wani dattijo ɗan acaɓa ya tsaya, ya tofa yawu a kan birkin, ya yi cuu.

"Alhaji, daga ina?"

"Kano."

"Ai na gani. Nan da giya ta biyu ake sauka, inji ne ke riƙe ka. Birki in ya yi zafi ba ya kama komai." Ya dubi rigar, ya dubi fuskata. "Hajiya ce ta ara maka?"

Ƙanin matata ne ya tuƙo mu gida. Mun shigo bayan isha'i, shaddar suna ta koma kalar tukunyar ƙasa. Na roƙe shi a hanya ya rufa mini asiri, ya ce ba komai Yaya. Da safe yarinyar nan ta kawo mini koko, ta durƙusa ta ce Inna na gaishe ni, ta ce a tambaye ni ko a murɗe mini famfon tsakar gida, ko zan yi da kaina.